Daren da Zara Ta Shiga Cikin 'Ya'yan Kaza

A ƙarshen watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, na tattara 'yan komatsaina na bar Kano na koma ƙauyenmu da ke arewacin Kazaure. A cikin jakata akwai tsohuwar kyamara Canon 600D da na saya a hannun wani mai ɗaukar hoton biki, da gilashinta mai zuƙo nesa wanda ke tashi daga 55 zuwa 250, da madogara mai ƙafa uku wadda ƙafa ɗaya ke yawan zamewa, sai madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50 a jiki. Tun watan Janairu na zagaye ranar Juma'a 3 ga Afrilu da jan biro a kalandar ɗakina. A daren ne Zara za ta ratsa ta cikin Kaza da 'Ya'yanta.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san su, ko da bai taɓa buɗe littafin kimiyya ba. Zara ita ce mai ƙyallin nan da ke riga kowa fitowa a yamma tun ana haramar kiran magariba, wadda ake wa kirari da matar wata. Malamai suna ce mata Zuhura, Turawa kuma Venus. Duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, hasken rana take maido mana. Kaza da 'Ya'yanta kuwa ita ce 'yar curin taurarin nan da suka cunkushe wuri guda, mai kaifin ido ya ƙirga shida ko bakwai. Ita ce Surayya a bakin malamai. Turawa na ce mata Pleiades, Japanawa kuma Subaru, shi ya sa ma tambarin motar nan yake ɗauke da taurari shida.

Zara takan wuce ta wannan yanki na sama akai-akai, amma daga nesa-nesa. Kutsawa cikin 'ya'yan kuwa sai bayan shekara takwas-takwas, kuma a farkon Afrilu. Dalilin lissafi ne. Zara tana gama kewaya rana cikin kwana 225 ba kaɗan, to kewayenta 13 ya yi daidai da shekarunmu 8, bambancin bai kai kwana ɗaya cikakke ba. Saboda haka bayan shekara takwas takan dawo kusan gurbin da ta bari, a kusan rana guda ta shekara. An yi a 2012, lokacin ban ma san da zancen ba. In na 2020 ya wuce ni, sai 2028, in da rai.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, na yanke shawarar yin gwaji ranar Alhamis. Da hantsi na kai batir biyu da kwamfutata wurin mai caji a bakin kasuwa, domin ƙauyenmu janareta ne gatanmu. Da la'asar ni da ƙanena muka zaga neman wuri. Muka tsaya a masussukar da ke bayan gari, fili fetal, ƙasa a daddaɓe, yamma a buɗe take ba abin da ya tare sai wata kuka guda can gefen kudu. Na buɗe manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama a waya na duba: rana za ta faɗi wajen bakwai saura minti ashirin da 'yan kai, Zara kuma za ta faɗi wajen goma saura kwata. A takarda awa uku ke nan. Amma na san saman bazara a ƙasarmu. Ƙura takan kwanta a gindin sama kamar bargo, duk tauraron da ya sauko cikinta ya dushe tun kafin ya kai ƙasa. Abin da nake da shi na haƙiƙa bai fi awa ɗaya da rabi ba, kuma sallar isha'i tana tsakiyarsa.

Daren Alhamis ɗin Zara tana ƙasa da Kaza, tazararsu kamar faɗin ɗan yatsa in ka miƙe hannu. Na kafa kyamara, na murɗa zoben saiti har ƙarshe, a tunanina nan ne ma'aunin abu mai nisa. Na ɗauki hoto saba'in da wani abu. A 'yar fuskar kyamara komai ya yi kyau, na dawo gida zuciyata fari ƙal. Da na zuba su a kwamfuta sai gabana ya faɗi. Babu tauraro ko ɗaya da ya fito ɗigo, kowanne ya zama ƙawanya mai rami a tsakiya, kamar ƙuli-ƙuli mai zobe. Waɗansu ma sun yi wutsiya kamar waƙafi. Kuskure biyu na yi. Irin wannan gilashin, in ka murɗa shi har ƙarshe ya zarce inda ake so, wurin saitin yana ɗan baya kaɗan, kuma da ido ake nemo shi. Na biyu, na bar makunnin hana rawar hannu a kunne, alhali kyamarar a kan madogara take, sai ya riƙa ƙoƙarin gyara rawar da babu ita, yana jan taurarin nan da can. Na daɗe zaune a tsakar gida ina kallon allon. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne, a daren gwaji abin ya faru.

Da safiyar Juma'a na zauna gyaran kaya. Ƙafar da ke zamewa na naɗe ta tam da robar tsohon tayan keke. Na cika ɗan buhu da yashi don in rataya a tsakiyar madogarar ta yi nauyi. Na yanki kwali na naɗe shi kamar mazurari don ya kare bakin gilashi daga hasken wata, domin ran nan Sha'aban ya kai wajen kwana goma, da magariba wata yana kusan tsakar ka. Hausawa sun ce rashin farin wata tauraro ke haske, to ni kuwa farin watan ne babban abokin hamayyata a daren. Na sa salatif a aljihu. Na rufe kan tocilata da jar leda, saboda jan haske ba ya kashe wa mutum ganin dare kamar fari.

Inna tana kallona daga bakin murhu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ta ce da ƙanena, "Wannan yaron me yake ɗaurewa tun safe kamar mai shirin fatauci?" Ƙanena ya ce, "Hoton Zara zai ɗauka, Inna. Wai yau za ta shiga cikin Kaza." Ta ce, "Ai tun shekaranjiya na ga tana matsa mata." Na ɗago kai na dube ta. Ni da manhaja na sani, ita kuwa daga wurin shan iska bayan cin tuwo ta lura, ba wanda ya gaya mata. Na ce, "Inna, ko za ki zo ki gani da madubi?" Ta ce za ta duba in ta gama kwashe tuwo.

Akwai abin da na roƙa a wurinta kuma: baƙin zaren ɗinki. Na yanki guda biyu na gicciya su a bakin kwalin nan na manne da salatif. Zan faɗi amfaninsa a gaba.

Da azahar sama ta yi fari fat, rana kamar faranti, ana iya kallonta ba a runtse ido sosai ba. Hankalina ya tashi. Muna da wani ɗan zaure a WhatsApp, mu 'yan kaɗan masu sha'awar kallon sama. Na Kaduna ya ce su dokar hana fita ta kulle su a gida tun makon jiya, amma ya samu hanyar hawa rufin bene. Na Yamai ya ce su ma daga bakwai na yamma ba fita, daga tsakar gida zai gwada, in katangar maƙwabci ta bar shi. Ni kaɗai ke da fili, ga shi ƙura na neman ƙwace mini. Bayan la'asar iska ta ɗan juya, farin ya fara ja baya, shuɗi ya fito a tsakiyar sama. Ban yarda ba sai da na ga Zara da idona, rana ba ta gama faɗuwa ba, can sama sosai a yamma maso arewa.

Muna idar da magariba muka nufi masussuka, ni da ƙanena da tabarma da kujerar Inna. Wannan karon ban yi garaje ba. Na nemi Dabaran, jan tauraron nan da ke sama da Kaza ta hagu, wanda Larabawa suka ba wannan suna saboda kullum yana biye da Surayya. Na kunna fuskar kyamara, na zuƙo shi ninki goma, na riƙa murɗa zoben a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Yana kumbura, yana tsukewa, yana sake kumbura. Inda ya fi ƙanƙanta na tsaya, na riƙe numfashi, na manne zoben da salatif. Na manne na zuƙowa ma a kan 200. Na kashe makunnin nan da ya cuce ni jiya. Sannan na juyo kan Zara.

Da ido tsirara abin ba ya ganuwa yadda mutum zai zata, wannan ya kamata duk mai shirin 2028 ya sani. Zara ta fi tauraron da ya fi kowanne haske a cikin Kaza fiye da sau 800. Ga ta a tsakaninsu, ga wata a sama. Sai ka ga Zara tana walƙiya, gefenta na dama kuma wani ɗan hayaƙi-hayaƙi, sai ka kauda ido gefe kaɗan sannan ɗigo biyu ko uku su bayyana. Yaran da suka biyo mu suka ce su ba su ga komai ba sai Zarar da suka saba gani.

Na ɗora madubi a ido. Wallahi ban san lokacin da na yi salati ba. 'Ya'yan duk suna nan, shuɗi-shuɗi, a jere kamar ɗan ludayi mai gajeren hannu, Zara kuma ta zauna a gefensu na hagu fara sol, dab da wanda ake kira Merope, har kamar za ta taɓa shi. Na sha kallon Kaza da madubin nan, na san zubin 'ya'yan kamar yadda na san ɗakunan gidanmu. Ganin baƙuwa mai wannan haske a tsakaninsu ya sa wurin ya zama kamar ban taɓa ganinsa ba.

Inna ta iso da Baffa, yayan mahaifinmu, yana dogara sandarsa. Na zaunar da ita, na nuna mata yadda za ta riƙe. Hannunta yana rawa, ta ce hasken yana ta tsalle. Ƙanena ya tsuguna a gabanta, ta ɗora gwiwar hannuwanta a kafaɗunsa. Ta yi shiru. Can na ji tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, ta wuce bakwai, ta wuce goma sha biyar, ta kai ashirin da wani abu ta tsaya. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe kazar nan ta fi haka 'ya'ya. Duk shekarun nan bakwai muke ce mata." Na ce mata masana sun ƙirga fiye da dubu. Ba ta sauke madubin ba, ta ce, "Ga shirwa kuma ta sauka a cikinsu, ko motsi ba su yi ba."

Baffa bai karɓi madubin nan take ba. Ya yi karatun allo da na littattafai a ƙuruciyarsa, kuma har yau shi ake tambaya lissafin taurari in shuka ta gabato. Ya zauna a tabarma ya ce masaukai, wato taurarin da ake lissafin shekara da su, 28 ne, kowanne kwana 13, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Surayya tana cikin na bazara, Dabaran na biye da ita, daga nan sai taurarin damina su karɓa. Ya ce, "In ka ga Kaza ta fara kwanciya da wuri, to mai taki ya kai gona, mai garma ya kai wa maƙeri." Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke cikin wayata: daga ƙarshen Afrilu Kaza takan nutse cikin hasken faɗuwar rana, wajen 20 ga Mayu rana tana kusa da ita, ba ta sake bayyana sai a gabas da asuba, lokacin ruwa ya sauka ko yana dab da sauka.

Inda muka saɓa shi ne da na ce Zara da Gamzaki abu ɗaya ne. Ya ce, "A'a, ɗana. Zara ta yamma ce, Gamzaki na asuba ne. Tun kakanni haka muka taras." Na ce, "Allah ya ja kwana, Baffa, ka taɓa ganinsu su biyu a dare ɗaya?" Ya yi ɗan tunani ya ce bai riƙe ba. Na ce masa nan da wata biyu Zara za ta ɓace daga yamma, bayan 'yan makonni Gamzaki ya fito a gabas. Ya ce, "To, Allah ya kai mu. Gani ya kori ji."

Ina wannan hira hannuna yana kan aiki, don sama ba ta jira. Madogarata ba mai bin taurari ba ce, a tsaye take cak, duniya kuwa tana juyawa, taurari na gangarawa yamma kusan digiri ɗaya kowane minti huɗu. A zuƙowar 200, in ka bar idon kyamara a buɗe ya wuce sakan ɗaya, ɗigo ya zama ɗan layi. Na gwada sakan biyu, layi. Na gwada ɗaya, ɗan ƙwai. Na tsaya a kan rabin sakan da ɗan ɗori, ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, a kan 1600. Hoto guda a haka duhu ne mai yashi-yashi, taurari kaɗan ne ke fitowa. Dabarar ita ce a ɗauki da yawa a jere, daga baya kwamfuta ta ɗora su kan juna. Kyamarar tana da wani tsari da za ka latsa, ta jira sakan goma, sannan ta ɗauki goma da kanta ba hannu a jikinta. Sai in latsa, in ja da baya, in hana yara motsi, mu ji tana ƙyas, ƙyas, ƙyas har goma. In sake latsawa. Bayan kowane zagaye biyar ko shida sai in sassauta kan madogara in maido Kaza tsakiya, don ta riga ta zame ƙasa.

Wahalar duka Zara ce. Hasken da zai fito da 'ya'yan ya yi mata yawa, sai ta kumbura ta zama farin dunƙule, ƙurar sama kuma ta yi mata rawani har yana neman haɗiye Merope. Na tsuke ƙofar haske daga 5.6 zuwa 8. Dunƙulen ya ragu, ya fitar da tsinke 14 kewaye da shi, saboda ƙofar gilashin ganye bakwai gare ta, kuma in ganyen mara ne tsinken yakan ninka. Daga nan na maido ƙofar yadda take na sa kwalin mai zaren Inna. Haske in ya gifta siririn abu yakan bazu ta gicciye, saboda haka zare biyu suka ba Zara dogayen tsinke huɗu, siraran gaske, kamar an ja su da allura. A ganina wannan ya fi kyau, domin yana nuna ƙarfin haskenta ba tare da ya binne maƙwabtanta ba. Akwai masu cewa ƙawa ce ta ƙarya tun da ido bai ga tsinke ba. Ni dai na ajiye iri biyun, kuma duk wanda na tura wa mai tsinken na gaya masa da zare aka yi.

Kafin isha'i na yi wani abu guda da na daɗe ina so. Na cire salatif na zuƙo har 250, na sake saiti, na maida ISO 100, na rage lokacin zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Taurari duka suka ɓace, hoton ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan fari guda a tsakiya. Da na zuƙo shi har ƙarshe, ga shi nan, ɗan mitsitsi, amma ba zagayayye ba: rabi ne, kamar ɓarin gyaɗa. Zara tana da kwanaki irin na wata, takan cika takan ragu, gwargwadon inda take tsakaninmu da rana. Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya fara ganin haka a 1610, kuma yana cikin hujjojin da suka nuna rana take kewayawa. A shekarar ce kuma ya fitar da zanen Kaza mai taurari 36. Na nuna wa Baffa ɓarin gyaɗar a fuskar kyamara, ya ce ƙanƙantarsa ta yi yawa, idonsa ba zai ba da shaida a kai ba.

A nan masussukar muka yi isha'i, Baffa ya ja mu. Da muka sallame Zara ta sauko sosai, ta fara yin ɗorawa-ɗorawa. Na maida komai kan 200, na sake neman Dabaran na yi saiti, na ci gaba. Wani mai babur ya ɓullo daga hanyar kasuwa, fitilarsa ta haske mu gaba ɗaya, zagaye guda ya lalace. Iska ta taso ta kaɗa kwalin, wani zagayen ya tafi. Wajen takwas da rabi ƙananan 'ya'yan suka fara nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Hoton ƙarshe da ya yi amfani na ɗauke shi tara saura minti ashirin. Daga nan na rufe bakin gilashi da murfinsa na ɗauki ashirin a cikin duhu, da saiti iri ɗaya. Yaran suka yi ta mamakin mai ɗaukar hoto da murfi a rufe. Na ce musu kyamara in ta yi zafi takan ƙirƙiro nata ɗige-ɗigen, kuma daren bazara zafi gare shi, to waɗannan baƙaƙen hotunan su ne za su nuna wa kwamfuta dattin da za ta cire.

Ban yi barci ba sai da na zuba su. Manhajar da nake amfani da ita DeepSkyStacker ce, kyauta ake samunta. Da farko ta ƙi, ta ce taurarin da ta gano ba su isa ta daidaita hotunan ba. Na rage ma'aunin da take gane tauraro da shi, na sake sa ta, ta karɓa. Cikin ɗoki na zuba mata duk na daren, tun daga na bakwai da kwata har na ƙarshe. Kwamfutar ta yi ta nishi kusan minti arba'in, batir yana raguwa ina kallo.

Abin da ya fito ya sa na miƙe zaune. Taurarin sun fito tsaf, kowanne ɗigo a mazauninsa, domin da su manhajar take daidaitawa. Zara kuwa ta miƙe ta yi tsawo kamar ƙwayar dabino. Da farko na ɗauka wani kuskuren na sake yi. Sai na buɗe hoton farko da na ƙarshe ina sauya su da sauri, wannan, wancan, wannan, wancan. Merope yana nan bai gusa ba. Zara tana tsalle gaba, tana dawowa. Cikin awa ɗaya da minti ashirin da biyar ta matsa kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin wata. Na sha koya wa ɗalibai cewa duniyoyi suna tafiya, na zana musu da alli a allo ba sau ɗaya ba. Ban taɓa kama tafiyar da hannuna ba sai a daren, a masussukar garinmu, tsakanin magariba da bayan isha'i. Na tashi ƙanena daga barci ya zo ya gani.

Kuma kusancin nan duk na ido ne. A daren Zara ba ta kai nisan kilomita miliyan 100 daga gare mu ba, haskenta minti biyar da 'yan sakanni yake yi ya iso. Na Kaza kuwa shekara wajen 440 ya yi a hanya. Hasken da ya faɗa cikin kyamarata ya baro can tun zamanin Mai Idris Alooma na Borno, fiye da shekara 150 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya zo ya haɗu da na minti biyar a ɗan allon da bai fi kan babban yatsa ba.

Washegari, bayan na karɓo caji, na sake aikin yadda ya kamata. Na ware zagaye shida da aka ɗauka cikin 'yan mintoci, hoto 60, manhajar ta zaɓi 41 ta watsar da sauran. Yashin ya kwanta, sama ta yi laushi, na ƙirga taurari fiye da ɗari a inda hoto guda bai nuna talatin ba. Shuɗin hazon nan da ake gani kewaye da 'ya'yan a hotunan manyan na'urori bai fito ba ko kaɗan. Ƙurar sararin samaniya ce da hasken taurarin ke haskawa, tana son dare mai duhu da dogon buɗe ido, ni kuwa ga wata ga Zara ga rabin sakan. Na ja hasken hoton da ƙarfi ko zai fito, sai rawanin Zara ya cinye rabin Kaza, na maida shi yadda yake. Na Kaduna gajimare ya rufe shi bayan minti goma, ya tsira da hoto uku na waya ta bakin madubi. Na Yamai katanga ta tare shi tun kafin duhu ya yi sosai, amma ya gani da ido, ya ce ya wadatar.

Daren Asabar na koma ni kaɗai da ƙanena. Zara ta riga ta haura, ta wuce tauraron Atlas da ke ƙarshen hannun ludayin, tana sama da 'ya'yan. Na jera hotunan dare uku gefe da gefe: Alhamis mai ƙawanya tana ƙasa, Juma'a tana ciki, Asabar tana sama. Na Alhamis ɗin da na so gogewa shi ya cika jerin. Lissafi ya nuna a 2028 za ta fi haka kutsawa tsakiyarsu.

Makarantu ba su buɗe ba, na zauna a gida har damina. A ƙarshen Mayu Zara ta yi ta sauka tana kusantar rana har ta ɓace, ranar 3 ga Yuni ta gifta tsakaninmu da rana. Ban ce wa Baffa komai ba, amma na lura bayan magariba yakan ɗan tsaya a ƙofar masallaci yana duban yamma. Ranar 12 ga Yuli, an kwana biyu ana ruwa sama ta wanku, muka fito daga sallar asuba. Gamzaki yana gabas yana ƙyalli, Dabaran na gefensa dab da dab, Kaza kuma tana sama da su da 'ya'yanta. Baffa ya tsaya ya dogara sanda. Ya ce, "Yamma dai ba kowa tun kafin shuka, na duba." Sai ya ce, "Je ka ɗauko madubin nan naka."

Na kawo, na jingina masa gwiwar hannu a kan katangar masallaci. Ya daɗe yana nema, ya samu, ya yi tsit. A lokacin ta fi kusa da mu fiye da yadda take a Afrilu, ta ƙara girma, kuma abin da rana ta haska a jikinta bai kai sulusi ba. Ya ce, "Lauje nake gani. Kamar jinjirin wata." Na ce, "Ita ce ɓarin gyaɗar da na nuna maka, Baffa." Ya sauke madubin ya goge ido da bakin rawani, ya sake ɗorawa. Ya ce, "Ashe matar wata har kamannin mijin ta ɗauko." Ya miƙo mini, ya ce in yi sauri in karya, geron gonar fadama yana jiran maimai.